Takobin roba ya fi kundin da aka saya

Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Amma don Allah duk wanda zai yi min raddi ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

Maganata ɗaya ce. Ɗalibin da ya zauna ya zana takobin kartun a kwamfuta da hannunsa, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya buga da firintar 3D, ya harhaɗa har ya fito da cikakken tsawonsa, ya ci wata jarrabawa da da yawanmu ba za mu ci ba, har da masu sakamako mai kyau. Dariyar da muke yi wa irinsa kuwa, ita ce alamar ciwon da ke cin karatunmu.

Kun dai ga hoton da ya zagaya guruf-guruf na WhatsApp a makon nan. Wani ɗan uwanmu mazaunin Pantami ya buga takobin Tanjiro na Demon Slayer, baƙin nan mai kusan mita ɗaya, da ƙotarsa da kubensa. Ba zan kama sunansa ba, abin da aka yi masa ya ishe shi. Wasu suka ce ƙato da shi yana wasan yara. Wasu suka ce kwaikwayon Japanawa ne kawai. Wasu suka ce kuɗin da ya ɓata gara ya auno shinkafa. Wasu kuma suka ce wannan ai kayan kalare ne. A cikin maganganun nan huɗu, ɗaya ce kaɗai take da nauyi, kuma zan zo kanta. Sauran ukun surutun wanda bai taɓa gwada yin komai da hannunsa ba ne.

Bari mu fara da abin da aikin ya ƙunsa, tunda masu dariyar sun ɗauka maɓalli ake dannawa takobi ya faɗo kamar kuɗi a ATM.

Takobin kartun ba shi da awo. Zane ne a shimfiɗe, kuma masu zanen ba su damu ya zo daidai a kowace fitowa ba: nan ya yi tsawo, can ya gajarce, kaurinsa kuwa da ƙyar ka gan shi. Wanda zai mayar da shi abin riƙewa a hannu dole ya nemo ma'auni. Sai ya ɗauki tsayin jarumin, misali Tanjiro da masu labarin suka ba shi santimita 165, ya gwada tsawon takobin da jikinsa a hotuna da yawa, ya fitar da lissafi. Kauri da lanƙwasa da girman ƙota kuma shi zai yanke hukunci da kansa. Wannan shi ne lissafin kwatanta awo da muka haddace a sakandare muka zubar a ƙofar ɗakin jarrabawa. Daga nan ya shiga manhajar zane, ko Blender ko FreeCAD, waɗanda duk kyauta ne, ya gina siffar ta kowace fuska.

Sai matsalar injin. Ƙaramar firinta irin Ender 3, wadda masu koyo suka fi farawa da irinta, ba ta buga abin da ya wuce santimita 22 a faɗi, 22 a tsawo, 25 a tsaye. Takobin mita ɗaya ba zai shiga ba ko da addu'a. Dole a yanka shi gida biyar ko shida. To a ina za ka yanka yadda mahaɗar ba za ta nuna ba? Me zai riƙe gutsattsarin kada su rabu? Yawanci sai a bar rami a tsakiya, a zura sanda ta ratsa su duka. Nan ma akwai tarko: in sandarka milimita 8 ce ka zana ramin milimita 8 cif, wallahi ba za ta shiga ba, don ramin da aka buga yakan fito a ɗan tsuke. Sai ka ƙara kamar milimita 0.2 ko 0.3, ka buga ɗan gwaji, ka gwada, ka sake. Wannan 'yar tazara da ake bari tsakanin abubuwa biyu da za su shiga juna, ita ce bambancin injin da ke aiki da tarin ƙarafa.

Ita firintar narkar da zaren roba take yi, mai kaurin milimita 1.75, a zafin da ya kai wajen digiri 200, ta tsiyaye shi ta wani ɗan baki, layi bisa layi kamar magini na jera bulo. In kowane layi milimita 0.2 ne, gunduwa ɗaya mai santimita 25 layi 1,250 ke nan, mita guda kuwa layi 5,000. Kuma raunin abin yana tsakanin layukan ne. Ka buga a tsaye, ya fito sumul amma ya karye a gaɓa kamar rake. Ka buga a kwance, ya yi ƙarfi amma gefe ɗaya ya fito da kaushi. Kai za ka zaɓa, kuma kai za ka ɗauki asarar in ka zaɓi kuskure.

Yanzu ƙara Gombe a kan lissafin. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, tana fara laushi a wajen digiri 60. Ka bar takobinka a cikin mota a rufe da ranar watan Afrilu, ka dawo ka tarar ya lanƙwashe kamar taliya. Akwai PETG da ta fi jure zafi, amma ta fi wuyar sha'ani wajen bugawa. Da hunturu iska mai sanyi na sa gefen abin ya ɗago daga faranti tun bai yi nisa ba, ga ƙura. Da damina zaren ya sha danshi ya riƙa tartsatsi. Uwa uba wuta: gunduwa ɗaya na iya cin awa goma, a ɗauke a awa ta tara. Duk wanda ya zauna a garin nan a 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe muka yi makonni a duhu, ya san ba wasa nake ba. Dole mai wannan aiki ya san lissafin batir da inbata da sola. Bayan duk wannan sai gam, sai samfefa, sai cike ramuka irin na masu fentin mota, sai samfefa kuma, sai fenti.

Ku ƙirga da kanku: lissafi, zane, sanin halin kayan aiki, lantarki, kasafin kuɗi, tsara lokaci, haƙuri. Kuma babu inda za ka yi satar amsa. Roba ba ta san ɗan wane ba, ba ta karɓar na goro. In awonka ya kuskure, gutsattsarin ba za su haɗu ba, ko ubanka ne shugaban sashe.

To mu juyo kanmu, mu masu dariya. Kowa ya san yadda ake yin kundin kammala karatu a yawancin makarantunmu, kada mu yi wa juna ƙarya. Akwai shagon kwamfutar da ake sayar da shi babi-babi. A ɗauko na wani da aka yi shekara biyar da suka wuce, a canza sunan ƙaramar hukuma, a canza shekara. Takardun tambayoyi 100 da aka ce an raba wa jama'a, mutum ɗaya ne ya cike su a ɗaki cikin dare da biro kala uku. Yanzu ma abin ya ƙara sauƙi, ChatGPT ke rubutawa. Masu karatun injiniya kuma wasu su kai wa mai walda ko mai gyaran lantarki a kasuwa ya haɗa musu, ranar kare kundi su tsaya a gefen abin su ɗauki hoto, a tambaye su aikin wata waya su fara zufa. A ɗaure kundin da bango mai kyau, a jibge a sito, gara ta yi walima. Ban ce kowa ba, akwai masu yi da gaske kuma Allah ya saka musu. Amma ku faɗa min tsakani da Allah, yaushe aka taɓa yi wa mai sayen kundi dariya a guruf? Taya shi murna muke yi, mu yi masa rubutu a farar riga. Wanda ya yi abu da hannunsa kuma shi ne abin tsokana. Haba jama'a!

Abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin masu tsokanar nan su ne masu yaɗa maganar Farfesa Isa Ali Pantami, ɗan wannan unguwa, wanda a 2022 ya fitar da littafi sukutum kan cewa ƙwarewa ake nema ba takardar digiri kawai ba. Mun iya ɗora bangon littafin a sitatus. Ranar da ƙwarewar ta fito a gabanmu cikin rigar da ba mu saba gani ba, sai muka kasa gane ta.

Masu cewa wasan yara ne, ku saurari wannan. A 2011 wani Ba'amurke mai haɗa kayan wasan kwaikwayo, Ivan Owen, ya ƙera wani ƙaton hannun ƙarfe na ado mai yatsu masu motsi, don kawai ya sa a wani taron masu shigar ban mamaki. Ya ɗora bidiyonsa a intanet. Wani kafinta a Afirka ta Kudu, Richard Van As, wanda injin yankan katako ya cire wa yatsu, ya gani ya tuntuɓe shi. Suka fara aiki tare daga nesa. Daga nan mahaifiyar wani yaro ɗan shekara biyar da aka haifa ba yatsu a hannun dama ta neme su. A farkon 2013 suka buga masa hannu da firintar 3D, suka saki zanen kyauta ga duniya. Daga nan ƙungiyar 'yan sa kai ta e-NABLE ta samo asali, wadda ke buga wa yara hannaye a ƙasashe da dama. Asalin abin fa kayan wasa ne. Da a gurufinmu Owen ya ɗora bidiyon nan, da mun kashe masa gwiwa kafin la'asar.

Kuma ba sai mun je Amurka ba. A Yola, nan kusa da mu, cibiyar ƙirƙira ta ayyukan jin ƙai da aka buɗe a 2018 ta buga hannayen roba da irin wannan firinta. Ku tuna yankin da muke: waɗanda rikici ya raba da gaɓoɓinsu, waɗanda hatsarin babur ya nakasa, yaran da injin niƙa ya cinye wa hannu. A watan Maris na 2020, da korona ta tsananta a arewacin Italiya wani asibiti a yankin Brescia ya rasa 'yan bawul na na'urar numfashi, wani ƙaramin kamfani ne ya auna na asali, ya zana, ya buga musu cikin ɗan lokaci. Wace ƙwarewa aka yi amfani da ita? Ka kalli abu, ka auna, ka zana, ka buga, ya shiga inda ya kamata ya shiga. Ita ce dai ƙwarewar takobin nan, ba ƙari ba ragi.

Mu da muka tashi muna haɗa motar kara da ta langa-langa ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Jelani Aliyu na Sakkwato zanen motoci yake yi tun yana yaro, ya girma ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, daga baya a 2017 aka ba shi shugabancin hukumar tsara motoci ta ƙasa. Yau muna alfahari da shi. Yaran da ke zane a bayan littafinsu yanzu kuma muna ce musu su daina shirme.

Sai masu cewa kwaikwayon baƙi ne. Ga wani tarihi da ba a koya mana ba. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigowa da su kasuwar Kano a shekara, kuma kusan duk waɗanda ya gani ƙirar garin Solingen ne na Jamus. Ta Sahara suke zuwa, a Kano ake sa musu ƙota da kube, daga nan su bazu zuwa ga Buzaye da Fulani da Nufawa da Barebari. Wato takubban da kakanninmu suka rataya, da yawansu ruwan na waje ne, ƙota da kube da ado ne aikin maƙeranmu da dukawanmu. Ba wanda ya kira su 'yan kwaikwayo. Sun karɓi abin baƙo sun sa masa hannunsu har ya zama nasu.

Amma akwai ɗaci a cikin labarin. Ɓangaren da ya fi wuya, shi muke saye, duk da muna da masu narkar da tama. Shekara fiye da 170 ke nan, kuma har yau haka muke: waya, babur, sola, hatta allura. A nan jiharmu, a Bormi ta ƙasar Funakaye, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ɗimbin jama'arsa suka yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. Jarumta ba ta yi ƙaranci a Bormi ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masana'anta. Masu takobi da mashi da kibiya suka fuskanci masu bindigar da injin ya ƙera. Duk al'ummar da ta ɗanɗani wannan, bai kamata a same ta tana dariya ga yaron da ke koyon ƙira ba.

Su Japanawan ma ba su raina kartun ɗinsu ba. Fim ɗin Demon Slayer na 2020 ya tara kusan dala miliyan 500, ya fi kowane fim kawo kuɗi a duniya a shekarar. A cikin labarin kansa akwai ƙauye guda na maƙeran takobi da ake ɓoye shi ana girmama mutanensa. A 2012 wani gidan tarihin takubba a Okayama ya sa maƙeran gargajiya na gaske suka ƙera makamai bisa zanen kartun ɗin Evangelion aka baje kolinsu, don matasa su waiwayi sana'ar da ke neman mutuwa. Su suna amfani da kartun su ja yara zuwa maƙera. Mu muna amfani da dariya mu kore su.

In muka bi diddigi, dariyar nan tsohuwa ce. Raina sana'ar hannu ne da muka gada. Har yau akwai gidajen da in maƙeri ko baduku ya zo neman aure sai an yi ta ƙus-ƙus. Mun shiga jami'a ne don mu tsere wa guduma da zarto, mu samu ofis mai sanyi. Alhali Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Dawud, alaihis salam, wanda aka tausasa wa ƙarfe yana ƙera sulke, aka kuma umarce shi da ya daidaita awon saƙar. Annabi ne, sarki ne, kuma yana aiki da awo. Mu wa muka fi?

Maganar shinkafa kuma, na san halin da ake ciki. Akwai ɗalibin da sau ɗaya yake ci a rana, ba zan yi wasa da wannan ba. Amma ba shi ne ke rubuta wannan maganar a guruf ba. Masu rubutawar su ne waɗanda za su haɗa kuɗin dina da anko da hayar mota ranar fita, su ƙona data a TikTok har asuba, wasu ma su zuba a cacar ƙwallo. Ba wanda ya tuna musu da shinkafa. Kilo ɗaya na zaren PLA ya haura mita 300, kuma tunda ba a cika cikin takobin ƙyam, kilo ɗaya zuwa biyu ya isa har da na ɓarna. Wutar da ƙaramar firinta ke ja ba ta kai ta dutsen guga ba. Injinan nan sun yi araha ne tun bayan da Adrian Bowyer ya fara aikin RepRap a jami'ar Bath ta Ingila a 2005, ya saki zanen kyauta, sannan haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 2009. A Lome ta Togo, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa firintar 3D daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci da aka zubar. Togo fa, ba Jamus ba. Tarkacen da ke jibge a shagunan masu gyara a Babbar Kasuwa bai fi nasu tsarki ba.

Yanzu ga maganar da na ce tana da nauyi: kalare. Wanda ba ɗan Gombe ba ba zai gane dalilin da hoton takobi ke tayar mana da hankali ba. Mu mun sani. Mun ga adda da gariyo da barandami a hannun yara lokacin siyasa da bayanta, har ƙungiyar Human Rights Watch ta rubuta labarinsu a rahotonta na 2007. Babu unguwar da ba ta ɗanɗana ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Uwar da ta ga hoton nan gabanta ya faɗi ba jahila ba ce, tana da hujja.

Don haka ku masu wannan sha'awa, ku ji da kyau. Takobin roba da aka yi wa fenti mai kyau, da magariba ba shi da maraba da na ƙarfe. Ɗan sanda ko ɗan sintiri ba zai tsaya tambayarka PLA ne ko PETG ba. Kada ka rataya shi ka hau babur. Kada ka tsaya a bakin layi kana ɗaukar bidiyo kana wulwula shi. In za ka kai shi wani wuri, sa shi a kwali, in da hali a warware. Kada ka shiga da shi makaranta sai masu tsaro sun sani. Kada ka yi masa kaifi, kada ka sa masa ruwan ƙarfe. Ko a ƙasashen da ake taron masu shigar kartun, a ƙofa ake duba irin waɗannan kayan kafin a bari a shiga. Ran mutum ya fi hoto.

Amma tsoron nan bai zama hujjar tsokana ba. Mai niyyar sara ba zai kwana arba'in yana auna milimita ba, adda tana nan a kasuwa da araha. Abin da ke haifar da kalare hannu ne da ba shi da abin yi da kuma ɗan siyasar da ke da kuɗin haya. Yaron da ya duƙufa yana goga samfefa har dare ya yi, shi ne na ƙarshe da za a samu a wannan layi. In da gaske tsoron kalare muke, to irin wannan yaro ya kamata mu yawaita.

Ku ma masu bugawa ban ƙyale ku ba. Wanda ya shiga Thingiverse ya sauko da zanen da wani ya gama, ya danna ya buga, ya yi ƙoƙari, amma kada ya ce shi ya zana. Wannan ƙaryar ƙanwar sayen kundi ce. Ka faɗi gaskiya: zanen wane ne, ni na buga. Sannan ku sani takobin Tanjiro yana da masu shi, ba za ka buɗe kasuwa da shi ba tare da ka taka haƙƙin wasu ba. Ka koya da shi, ka wuce.

Ina za a wuce? Ga takubbanmu nan. Duk hawan Sallah muna ganinsu a rataye a kafaɗar mahaya a ƙofar fadar Sarkin Gombe, da kube na jan fata da tuntaye. Ga takobin Buzaye irin na Agadas, miƙaƙƙe mai kaifi biyu. Wa ya taɓa zuwa wajen dattijon da ke da irinsa, ya gaishe shi, ya nemi izini, ya auna shi ciki da waje, ya zana shi a kwamfuta yadda ko bayan shekara ɗari za a san siffarsa? Wannan kundi ne na gaske, ɗan tarihi da ɗan injiniya da ɗan zane za su iya haɗuwa a kai. Masu fim ɗin Hausa da 'yan wasan kwaikwayo na makarantu suna buƙatar takubban da ba sa yanka. Masu zubin tukwanen alminiyam kuma, in ka kai musu siffar da ka buga, za su danna ta a yashi su zuba maka ita da ƙarfe. Ka ga firinta ta haɗu da maƙera ke nan, babu wanda ya kori wani. Daga nan sai ƙananan abubuwan da ke kashe mana kaya kullum: maɓallin fanka da ya karye, ɗan haƙorin roba na cikin firinta ko keken ɗinki, marfin da babu irinsa a kasuwa, siffar ƙashi ko zuciya don 'yan karatun likita.

Ga abin da nake nema, kuma ba daga Abuja ba, daga mu.

Ƙungiyoyin ɗalibai, na Jami'ar Jihar Gombe ne, na Kashere ne, na Kwalejin Ilimi ta Fasaha ne, ko na Kaltungo: shekara ɗaya kacal ku rage kuɗin dina ku sayi firinta ɗaya da zare, ku ajiye littafin layi, kowa ya rubuta sunansa ya zo ya koya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma aji guda zai ɗauka.

Duk makarantar da ke da injina a kulle a ɗakin gwaje-gwaje, an lulluɓe su da leda ana jiran ranar da masu tantancewa za su zo, shugabannin ɗalibai su rubuta takarda cikin ladabi su nemi a buɗe. Injin da ɗalibi ya lalata wajen koyo ya fi wanda tsatsa ta cinye a kulle.

Malamanmu masu duba kundi, don Allah ku buɗe ƙofa ga wanda zai kawo abin da ya yi da hannunsa, ku tambaye shi sau nawa ya lalace kafin ya yi, me ya canza. Wanda ya saya ba zai iya amsa wannan ba.

'Yan uwa mata, kada ku ce wannan na maza ne. Wadda ta iya kallon hoton riga a waya ta fitar da awonta ta yanka yadi ya zauna a jiki, ta riga ta iya rabin aikin nan. Sauran manhaja ce.

Mu kuma 'yan guruf, in wani ya ɗora abin da ya yi, kafin ka tura alamar dariya tambaye shi yadda ya yi. In ba ka da tambaya, yi shiru, ba a biyan haraji a kan shiru.

Wanda har yanzu yake ganin wasan yara ne, ga ƙaramar jarrabawa. Ban ce ka yi takobi ba. Ɗauki gorar ruwan da ke gefenka, buɗe Tinkercad ko Blender, ka zana mata marfi da zai ɗauru ruwa bai zuba ba. Na ba ka mako biyu. In ka gama ɗora hoton a ƙarƙashin rubutun nan, za mu haɗa kuɗin zare a buga maka, mu gwada a gaban kowa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya zaunar mana da garinmu lafiya.